Me Ke Jan 'Yan Kallo A Daura Ga Fina-finan Kwamfuta Na Japan?

Duk wanda ya lura da yadda ɗalibai da ƙananan ma'aikata suke cinye lokacin hutunsu a birnin Daura da sauran garuruwan masarautar, kamar su Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, zai ga cewa kallon fim ya tashi daga ɗakin kallo ya koma tafin hannu. Wayar salula ita ce majigin wannan zamani. A kasuwa da bakin tasha akwai shagunan masu cajin waya, waɗanda kuma suke tura wa mutane fina-finai a kan kuɗi kaɗan, mutum ya zaɓi na Hausa, ko na Indiya wanda aka fassara, ko na Amurka, ko na faɗan 'yan Sin. A cikin wannan tarin haja ne wani irin fim yake shigowa jefi-jefi, wanda babu ɗan Adam ko ɗaya da ya tsaya gaban kyamara a cikinsa, kuma ya bambanta da zanen hannu irin wanda aka saba nuna wa yara. Hotuna ne da aka ƙera da kwamfuta a ƙasar Japan, suna ba da labarin yaƙe-yaƙen wani zamani da bai zo ba tukuna, inda mutane ke gwabzawa da mutum-mutumi da dodanni a cikin birane masu benaye har cikin gajimare.

Galibin masu kallon irin waɗannan fina-finai a nan ba mayun fim ba ne. A Japan da Turai da Amurka akwai mutanen da suka mai da abin kamar karatu, sun haddace sunayen masu zane da na kamfanoni, suna taruwa su yi ta musu a kan wane fim ya fi wani. Ɗan kallo na Daura bai kai nan ba, bai kuma damu da ya kai ba. Akawu ne da ya taso daga ofis, ko malamin firamare da ya gama duba littattafan yara, ko ɗalibin kwaleji da ya fito daga jarrabawa. Sau da yawa ko sunan fim ɗin bai riƙe ba, abin da zai ce wa mai shago shi ne a sa masa katun ɗin nan na mai ƙaton takobi. Amma zai kalla har ƙarshe, kuma ya tashi yana jin daɗi. Abin tambaya shi ne, me ya kama zuciyarsa a cikin labarin da aka shirya a wata ƙasa mai nisa, da harshen da ba ya ji, bisa al'adar da bai taɓa gani ba?

Yadda Ido Ya Saba Da Baƙin Hotuna

Kallon hotunan baƙi ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka motocin majigi suke zagaya garuruwa suna nuna hotunan kiwon lafiya da na noma a ƙofar fada. A Kano an buɗe gidan sinima na Rex a shekarar 1937, daga baya wasu suka biyo, kuma ta cikinsu ne fina-finan Indiya suka shiga zukatan jama'a, ko da yake 'yan kallo ba su jin harshen Indiya. A cikin shekarun 1970 sai ga fina-finan faɗa irin na Bruce Lee, wanda ya mutu a 1973, samari suka riƙa kwaikwayon naushinsa da ƙararsa a lungunan unguwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne mafarin fina-finan Hausa na bidiyo. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma memorin waya.

Ita kanta Japan ta shigo gidajen mutane tun kafin a ankara. Manyan ma'aikata na yau, waɗanda suke yara a cikin shekarun 1980, da yawansu za su tuna da shirin Voltron a telebijin, watau zakokin ƙarfe guda 5 da ke haɗuwa su zama ƙaton mutum-mutumi mai takobi. Mutane da yawa sun ɗauka kayan Amurka ne. Gaskiyar magana kamfanin Toei na Japan ne ya zana shi a 1981, Amurkawa suka saya suka sake masa suna da murya a 1984. Saboda haka uban da yake mamakin abin da ɗansa ke kallo a waya, in ya duba da kyau zai ga jikan abin da shi kansa ya kalla ne a gaban akwatin telebijin.

Yadda Ake Ƙera Su

Abu na farko da ke tsai da ɗan kallo shi ne kyan aiki, don haka ya kamata a san yadda ake yin sa. A fim ɗin da ake nunawa a sinima, hotuna 24 ne ke wucewa a gaban ido a kowace daƙiƙa ɗaya. Fim mai tsawon minti 90 ke nan yana buƙatar hotuna 129,600. A zanen hannu irin na dā, sai an sa alƙalami an zana hotunan. A aikin kwamfuta kuwa, mai zane yakan fara ƙera siffar jarumin ne a cikin na'ura, kamar yadda maginin tukunya ke sarrafa yumɓu, sai dai wannan yumɓun lissafi ne. Sa'an nan a sa wa siffar ƙasusuwa da gaɓoɓi domin ta iya lanƙwasawa, a lulluɓe ta da fata da gashi da tufafi, a gina mata gari da hanyoyi, a tsara inda haske zai fito da inda inuwa za ta faɗi.

Motsi kuwa sau da yawa daga jikin mutum ake ɗaukarsa. Akan sa wa ɗan wasa riga mai ɗauke da ƙananan alamomi a kowace gaɓa, kyamarori su kewaye shi, ya yi gudu ko tsalle ko sara, kwamfuta ta ɗauki motsin ta ɗora a kan siffar da aka ƙera. Daga ƙarshe sai a bar wa ɗaruruwan kwamfutoci aikin lissafa kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan ɗauki watanni.

Amurkawa ne suka fara fito da cikakken fim na kwamfuta zalla, watau Toy Story, a 1995, kuma labarin kayan wasan yara ne. Japanawa suka ɗauki wata hanya dabam, suka nemi ƙera mutane masu kama da na gaske. A 2001 Hironobu Sakaguchi, wanda ya yi suna wajen shirya wasannin kwamfuta, ya fito da Final Fantasy: The Spirits Within. Ma'aikata kimanin 200 suka shafe shekara 4 a kansa a birnin Honolulu na tsibirin Hawai, da kwamfutoci 960. Jarumar fim ɗin, wata masaniyar kimiyya mai suna Aki Ross, an ƙera mata silin gashi 60,000 a kanta, kowanne yana motsi da iska. An kashe kimanin dala miliyan 137, amma abin da aka samu a gidajen sinima bai wuce dala miliyan 85 ba, kuma ba da daɗewa ba aka rufe ɗakin aikin.

Ɗaya daga cikin dalilan wannan asara shi ne abin da wani masanin mutum-mutumi na Japan, Masahiro Mori, ya bayyana tun a 1970. Ya ce idan abin da aka ƙera ya yi kusa ƙwarai da kamannin mutum amma bai kai ba, maimakon ya ba da sha'awa sai ya sa mai kallo ya ji wani iri. Hausawa sun riga sun faɗa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Masu shirya fim sun ɗauki darasi. Da Shinji Aramaki ya zo yin Appleseed a 2004, sai ya ɗauki motsin mutane na gaske, amma ya ba fuskoki launi irin na zanen hannu, ido ya huta, kuɗin aiki kuma ya ragu ƙwarai.

Abin Da Labaran Suka Ƙunsa

A cikin waɗannan fina-finai akwai guda huɗu da suka isa su nuna wa mai karatu irin tunanin da ke cikinsu. Appleseed ya samo asali ne daga littafin zane na Masamune Shirow wanda ya fara fitowa a 1985. Labarin wata sojar mace ce mai suna Deunan, wadda aka ɗauko daga fagen fama bayan yaƙi ya rushe duniya, aka kai ta wani birni mai suna Olympus. A can ta tarar da cewa rabin mutanen garin ƙera su aka yi, an rage musu fushi da ƙiyayya domin a zauna lafiya, kuma wata babbar kwamfuta da majalisar dattawa ne ke tafiyar da mulki. Rikici ya tashi a kan ko 'yan Adam sun cancanci ci gaba da riƙe duniya.

Final Fantasy VII: Advent Children ya fito a 2005, kuma shi ne na mai ƙaton takobi. Jarumin, Cloud, mutum ne da ya janye jikinsa daga jama'a saboda baƙin cikin waɗanda ya kasa ceta. Wata cuta ta kama yara marayu a garin, wasu mugayen samari uku suka kwashe su, suka kuma saki wani ƙaton dodo mai fukafukai a kan birnin. Sai da abokansa suka taru suka taimaka masa kafin ya sare dodon, kuma daga ƙarshe ruwa ne ya zama maganin cutar.

Vexille na 2007, wanda Fumihiko Sori ya shirya, ya yi hasashen cewa a shekarar 2067 Japan za ta fice daga Majalisar Ɗinkin Duniya saboda an hana ta wani bincike a kan mutum-mutumi, ta rufe kan iyakokinta shekara 10. Da wasu sojojin Amurka suka saci jiki suka shiga, sai suka tarar wani babban kamfani ya mai da mutanen ƙasar abin gwaji. Shi kuwa Space Pirate Captain Harlock na 2013 labarin 'yan Adam ne da suka bazu cikin taurari, da ƙarfinsu ya ƙare suka so komawa duniya, amma aka tarar ba za ta ɗauke su ba, har abin ya zama yaƙi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ɗan kallo na jefi-jefi ba lalle ne ya bi dukan waɗannan ƙulle-ƙulle ba, musamman idan fassarar da ke ƙasan allo da Turanci take kuma tana gudu. Abin da yake kamawa shi ne ƙashin bayan labarin. Akwai gari da ke cikin ƙunci, akwai wani abu mai ban tsoro da ya fi ƙarfin mutanen garin, akwai kuma wanda ya zo daga waje da makami a hannu ya tunkari abin.

Daga Kusugu Zuwa Izumo

Mutumin Daura ba ya buƙatar a koya masa wannan labari, domin a kansa aka gina sunan garinsu. Kamar yadda aka gada daga kaka da kakanni, Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya tsaya a Gaya inda maƙera suka ƙera masa makami, ya iso Daura cikin dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa, sai ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki. Ya tafi rijiyar ya kashe macijin, gari ya sami ruwa, ya auri sarauniya Daurama, kuma daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Masana tarihi sun yi ta muhawara a kan yadda za a fahimci wannan labari, amma rijiyar tana nan ana ziyartarta, kuma fadar Daura tana riƙe da takobin da ake dangantawa da shi.

Abin mamaki shi ne Japanawa suna da labari mai kama da wannan a cikin tsohon littafinsu mai suna Kojiki, wanda aka kammala a shekarar 712. A cikin tatsuniyoyinsu na dā, wani jarumi mai suna Susanoo, wanda aka koro daga gidansu, ya sauka a lardin Izumo a bakin wani kogi. Ya tarar da tsoho da tsohuwa suna kuka, domin wani maciji mai kai 8 yana zuwa kowace shekara ya cinye 'yarsu ɗaya, har saura guda. Susanoo ya sa aka cika randuna 8 da giya, macijin ya sha ya bugu, ya sassare shi, ya auri yarinyar. A cikin wutsiyar macijin ya sami wani takobi wanda daga baya aka sa masa suna Kusanagi, kuma har yau ana lissafa shi cikin kayan sarauta guda 3 na gidan sarkin Japan.

Babu wata alaƙa ta tarihi tsakanin labaran biyu, kuma irin wannan labari na baƙo da maciji ana samunsa a wurare da yawa a duniya. Inda aka bambanta shi ne abin da kowa ya yi da nasa. Kamfanin Toei ya mai da labarin Susanoo fim ɗin zane tun a 1963. Masamune Shirow, mai Appleseed, ya sa wa jarumar wani shahararren littafinsa, Ghost in the Shell, sunan Kusanagi, alhali kuwa jikinta duk na'ura ne. Ƙasar da ta hana ɗaukar takobi a kan titi tun 1876, har gobe jaruman fina-finanta na shekaru masu zuwa da takobi suke gama faɗa, ko da akwai bindigogi da jiragen yaƙi a gefensu. Watau sun ɗauko tsohuwar tatsuniya sun sa mata rigar ƙarfe. Lokacin da ɗalibi a Daura ya ga Cloud ya tsaya gaban dodo domin ceton marayu, kuma ruwa ya kawo wa gari sauƙi, kunnensa ya riga ya san karin tun yana ƙarami.

Tsoron Da Ke Bayan Hotunan

Akwai kuma wani abu da ɗan kallo yake ji a jikinsa ko da bai san dalili ba, shi ne cewa waɗannan fina-finai ba su cika ƙarewa da shewa ba. Kusan kullum akwai birnin da ya rushe, da makamin da ya fi ƙarfin wanda ya ƙera shi. Wannan ya samo tushe daga tarihin ƙasar. A ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima, ranar 9 ga wata ta jefa na biyu a Nagasaki. A watan Maris na 1954 turɓayar gwajin wani bom da Amurka ta yi a tekun Fasifik ta faɗa wa wani jirgin masuntan Japan, kuma a cikin wannan shekarar aka fito da fim ɗin Godzilla, dodon da gwajin bom ya tayar daga teku. A ɗaya gefen kuma, ƙasar ta farfaɗo ne ta hanyar masana'antu da na'urori, har yaranta suka tashi da son wani yaro mutum-mutumi mai kirki da Osamu Tezuka ya ƙirƙira a 1952, wanda ya shiga telebijin a 1963.

Saboda haka Japanawa suna son na'ura, suna kuma tsoronta. A cikin The Spirits Within, wani janar ya nace sai an harba ƙaton makami daga sama domin a gama da abokan gaba, masana suna gargaɗinsa cewa duniyar ce za ta tafi tare da su. Rufe ƙasa da aka yi a cikin Vexille yana tuna wa Bajapane da shekaru sama da 200 da ƙasarsa ta yi a rufe, daga shekarun 1630 har zuwan jiragen ruwan Amurka a 1853. Ma'aikacin gwamnati da ke ganin yadda kwamfuta take karɓe aikin da dā akawu goma ke yi, da ɗalibin da ke jin labarin na'urori masu rubutu da magana kamar mutum, duka ba za su rasa abin tunani a cikin waɗannan labarai ba.

Inda Ya Kamata A Yi Hattara

Babu laifi mutum ya huta bayan aiki da abin da ke faranta masa rai, amma akwai wuraren da ya kamata a sa ido. Na farko, iyaye da yawa sun ɗauka duk abin da ake kira katun na yara ne, sai su miƙa wa yaro waya su kama harkar gabansu. A Japan zane hanya ce ta ba da kowane irin labari, har da wanda manya kaɗai ya dace su gani. Gantz: O na 2016 da jerin fina-finan Resident Evil na kwamfuta, waɗanda suka fara fitowa a 2008, cike suke da jini da datse gaɓoɓi, wasu kuma akwai shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Mai shagon da ke tura fim ba ya tambayar shekarun mai saye. Nauyin yana kan uba da uwa da yayye su fara dubawa kafin su bar wa ƙananan yara.

Na biyu, wasu labaran suna ɗauke da aƙidun mutanen can game da ruhi da halitta, waɗanda suka saɓa wa abin da Musulmi ya yi imani da shi. Babba yana iya bambance tatsuniya da gaskiya, kamar yadda ba wanda ya ɗauki Gizo da Ƙoƙi a matsayin tarihi, amma yaro sai an yi masa bayani. Na uku, ɗalibin da ya mai da dare rana a gaban waya, sakamakon jarrabawa ne zai ba shi labari. Har ila yau ya kamata a tuna cewa kwafe fim ba da izinin masu shi ba tauye haƙƙi ne, kuma masu shirya fina-finan Hausa sun fi kowa sanin irin asarar da wannan ke jawowa.

Kallo Ya Isa Haka Nan?

Babban abin da ya rage shi ne ko matasan wannan yanki za su tsaya a kallo kawai. Hausawa ba baƙi ba ne ga ƙagaggen labarin kimiyya. A 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya yi yawo da shi. Kafin nan Abubakar Imam ya nuna a cikin Magana Jari Ce yadda ake ɗauko labarin wasu ƙasashe a yi masa wanka ya zama na gida. A maƙwabta kuma, Mustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa kuma ya rasu a 2015, ya shirya ɗan gajeren fim ɗin zane mai suna Bon Voyage Sim a 1966, inda ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa shugabanni shaguɓe a kan tafiye-tafiyensu na alfarma. Ya yi wannan ne da kayan aiki kaɗan.

Wasu ma sun riga sun yi nisa. Wani kamfani a Dubai ya fito da fim ɗin kwamfuta a kan rayuwar Sayyidina Bilal a 2015. A Nijeriya an fito da Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020, sa'an nan a 2024 kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka shirya Iwájú, labarin birnin Ikko na wani zamani mai zuwa. Kuɗin aikin ma ya faɗi ƙwarai. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, an yi shi ne da manhajar Blender, wadda kowa ke iya saukewa kyauta daga intanet. Mutanen Latbiya ba su kai miliyan 2 ba, alhali ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Katsina tana da mutum sama da miliyan 5 da dubu 800.

Daura tana da abin da kuɗi ba ya saye, watau labari da wurin da labarin ya faru. Akwai rijiya, akwai fada, akwai hawan Sallar Gani da dawakansa da kayan adonsa, waɗanda mai zane zai iya tsayawa ya duba da idonsa. Tana kuma da makarantu, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Kwalejin Yusuf Bala Usman. Abin da ake buƙata shi ne ɗaki guda mai wutar lantarki tabbatacciya, ko da ta hasken rana ce, da 'yan kwamfutoci masu ƙarfi, da malamin da zai haɗa ɗalibin lissafi da mai zane da wanda ya iya tsara labari da Hausa mai kyau. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da dattawan fada za su iya tsayawa su ga an ba da labarin yadda ya kamata, ba tare da an ɓata shi ba.

Ba wanda zai ce a fara da fim na minti 90. Fim na minti 5 hotuna 7,200 ne, kuma aiki ne da ɗalibai 'yan kaɗan za su iya kammalawa a cikin zango ɗaya ko biyu na karatu, a nuna isowar baƙo cikin dare da abin da ya faru a bakin Kusugu. Na farko ba zai yi kyau kamar na Japan ba, domin su ma sun yi shekaru da asarar miliyoyi kafin hannunsu ya faɗa. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Idan ba a fara ba, wata rana wani kamfani daga nesa zai ɗauki labarin Bayajidda ya shirya shi yadda ya ga dama, 'ya'yan Daura kuma su biya kuɗi a tura musu shi a waya.